Wanda Bai Dawo Ba: Yadda Rajistar Kwamfuta Ke Bibiyar Masu Hawan Jini da Ciwon Suga

A yawancin ƙananan asibitocinmu na sha-ka-tafi, idan ka tambayi malamin asibiti mutum nawa ya duba jiya, zai buɗe babban littafin rajista ya ƙirga maka nan take. Amma ka tambaye shi, cikin masu hawan jinin da aka ɗora a kan magani a watan azumin bara, nawa ne har yau suke zuwa, nawa ne jininsu ya sauka, nawa suka rasu, nawa kuma aka daina jin ɗuriyarsu, sai ya yi shiru. Laifin ba nasa ba ne. Littafin da aka ba shi an tsara shi ne don zazzaɓin cizon sauro da gudawa da rauni, cututtukan da ake zuwa da su yau, a sha magani, a warke cikin mako. Kowane layi na littafin ziyara ɗaya ce. Mutum ya zo sau goma, sunansa ya shiga shafi goma, babu abin da ya haɗa su. Ya daina zuwa, babu shafin da zai nuna ya daina.

Hawan jini da ciwon suga da asma da ciwon ƙoda kuwa abokan zama ne na tsawon rai. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahoton da ta fitar a 2023, ta ce masu hawan jini a duniya sun ninka daga miliyan 650 a 1990 zuwa biliyan 1.3 a 2019, kusan rabinsu ba su ma san suna da shi ba, kuma huɗu cikin biyar ba sa samun kulawar da za ta sauke jinin yadda ya kamata. A Najeriya ana kiyasin kimanin mutum ɗaya cikin manya uku yana ɗauke da shi. Maganin kuwa sananne ne, ba sabo ba, ba kuma mai wuyar samu ba. Inda gizo ke saƙar shi ne tsakanin ranar da aka ce wa mutum "jininka ya hau" da ranar da aka kwaso shi ranga-ranga da shanyewar ɓarin jiki. A wannan tsakanin, wanda kan kai shekaru, sau da yawa babu wanda ke neman sa.

Darasin da aka aro daga tarin fuka

Dabarar bibiyar majinyata rukuni-rukuni ba a ɗakin kwamfuta aka haife ta ba. Wani likita ɗan asalin Cekosulobakiya, Karel Styblo, shi ya gina ta a Tanzaniya tun daga ƙarshen shekarun 1970 don yaƙi da tarin fuka, da biro da takarda. Ƙa'idarsa mai sauƙi ce. Duk wanda aka fara wa magani a cikin wata uku, an haɗa su rukuni guda, kuma idan wa'adin magani ya cika dole a faɗi makomar kowane ɗaya: ya warke, ya kammala magani, ya rasu, maganin bai yi masa ba, ya koma wani asibiti, ko ya ɓace. Ba a yarda a bar gurbin kowa ba cike. A tsakiyar shekarun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rungumi tsarin da sunan DOTS, kuma duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa karɓar maganin tarin fuka ya ga yadda ake yi: mutum ya yi fashin kwanaki, a bi shi har gida.

A 2008 Farfesa Anthony Harries, wanda ya daɗe yana aikin tarin fuka da cutar ƙanjamau a Malawi, shi da abokan aikinsa suka kawo shawarar a ari wannan tsari a yi wa masu suga da hawan jini. Sai dai akwai bambanci babba. Maganin tarin fuka wata shida ne, a rufe shafi. Mai hawan jini ba a rufe shafinsa sai ranar da ya bar duniya. Rajistar kullum ƙaruwa take, kuma bayan shekara biyu ko uku babu ma'aikacin da zai iya zama ya bi katuna dubu huɗu ɗaya bayan ɗaya duk wata uku. A nan ne kwamfuta ta zama dole. An fara gwadawa a asibitin Queen Elizabeth da ke Blantyre a Malawi, inda aka sa wa sashen masu suga na'ura mai allon taɓawa.

Gwajin da ya fi jan hankalina shi ne na asibitin Nuzha da ke birnin Amman a Jodan, ɗaya daga cikin cibiyoyin lafiya kusan 140 na UNRWA, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da Falasɗinawa 'yan gudun hijira. Hukumar ta fara shigar da bayanan majinyata a kwamfuta a 2009, kuma shugaban sashen lafiyarta, Dokta Akihiro Seita, tsohon ma'aikacin yaƙi da tarin fuka ne, don haka ya san amfanin ƙirga rukuni. A 2012 suka fitar da sakamakon Nuzha: masu hawan jini fiye da 4,000 da masu suga kusan 3,000 da aka taɓa yi wa rajista, kowa da makomarsa. Abin da lissafin ya bankaɗo bai yi wa kowa daɗi ba. Jama'a da dama ba su leƙo asibitin ba a tsawon wata ukun da aka duba. Cikin waɗanda suka zo ma, akwai waɗanda ba a rubuta musu wasu gwaje-gwajen da ƙa'ida ta tanada ba. Ma'aikatan Nuzha ba malalata ba ne, kullum layinsu cike yake, kuma wannan cikar layin ce ta rufe musu ido. Wanda ya zo shi ake gani. Sai da na'ura ta jero sunayen waɗanda ba su zo ba kafin aka san girman ɓarakar.

Uwar adashi ta san wannan tun tuni. Littafinta ba don ta tuna waɗanda suka zuba take riƙe da shi ba, don ta san wadda ba ta zuba ba ne, ta aika yarinya gidanta kafin magariba. Rajistar kwamfutar da ba ta iya fitar da sunan wanda bai dawo ba, komai tsadarta, ba ta yi aikin da aka saye ta dominsa ba.

Abin da aka yi a Kalifoniya

Idan ana maganar abin da wannan tsari zai iya haifarwa, misalin da likitoci suka fi kawowa shi ne na Kaiser Permanente a arewacin jihar Kalifoniya ta Amurka, ƙungiyar da ta haɗa inshorar lafiya da asibitoci a hannu ɗaya. A 2001, kashi 43.6 cikin 100 na masu hawan jininta ne kawai jininsu ya daidaita ƙasa da 140/90. Zuwa 2009 adadin ya kai kashi 80.4, alhali matsakaicin ƙasar a tsakanin masu irin wannan inshora ya tashi ne daga kashi 55.4 zuwa 64.1. Kuma a cikin waɗannan shekaru yawan mutanen da ke rajistar ya tashi daga kusan 350,000 zuwa sama da 650,000, wato ba rage mutane aka yi don lissafi ya yi kyau ba. Dokta Marc Jaffe da abokan aikinsa suka wallafa wannan a mujallar JAMA a 2013.

Rajistar ita ce ginshiƙi, amma ba ita kaɗai ta yi aikin ba. An riƙa aika wa kowace cibiya sakamakonta a kai a kai, ta ga inda take a tsakanin takwarorinta, kuma idan wata ta yi fice a je a ga me take yi. An tsara matakan magani a taƙaice, wannan ya gaza a hau na gaba, ba kowane likita da nasa salon ba. A 2005 aka koma ba da ƙwaya ɗaya mai haɗe da magani biyu. A 2007 aka buɗe wata ƙofa mai muhimmanci: duk wanda aka canza wa magani zai dawo bayan mako biyu zuwa huɗu, mataimakin ma'aikacin lafiya ya auna jininsa kyauta, ba sai ya jira ganin likita ba. Kowane ɗaya cikin waɗannan matakai ƙarami ne. Abin da ya ɗaure su wuri guda shi ne akwai jerin sunaye, kuma akwai wanda aka ɗora wa alhakin jerin.

Birtaniya ta bi ta wata hanyar. A 2004 ta shigo da tsarin QOF, inda ake biyan likitocin unguwa ƙarin kuɗi gwargwadon makin da suka samu wajen riƙe rajistar masu cututtuka masu daɗewa da cika ma'aunan da aka gindaya. Rubuta bayanai ya inganta sosai. Amma wani bincike da aka wallafa a mujallar BMJ a 2011, wanda ya bi bayanan masu hawan jini kusan 470,000, bai ga wani sauyin a-zo-a-gani da biyan kuɗin ya kawo ga saukar jini ko raguwar shanyewar jiki ba. Yankin Sikotilan ya yi watsi da tsarin a 2016. A Amurka kuma wani bincike na 2016 ya gano cewa a duk awa ɗaya da likita ya yi da majinyaci, yana kashe kusan awa biyu a gaban kwamfuta da aikin tebur. Wannan gargaɗi ne gare mu. Manhajar da aka tsara don biyan buƙatar ofis da masu lissafin kuɗi tana cinye lokacin mara lafiya, kuma ma'aikacin da aka matsa wa ya cike gurabe hamsin zai cike su ko da abin da bai auna ba.

Waya ɗaya, daƙiƙa kaɗan

Indiya ta fara shirin shawo kan hawan jini a 2017, kuma matsalarta irin tamu ce: layi dogo, ma'aikata kaɗan, wuta da sabis ba tabbas. Ƙungiyar Resolve to Save Lives, wadda Dokta Tom Frieden ya kafa a shekarar, ta ƙera manhajar waya mai suna Simple. Shi ma Frieden ta ƙofar tarin fuka ya shigo, a birnin New York da kuma Indiya. Masu ƙera manhajar sun zauna a asibitoci sun ga cewa nas ba ta da fiye da 'yan mintuna ga kowane mutum, don haka suka yanke duk abin da ba dole ba. Majinyaci yana da kati mai lambar da kyamarar waya ke karantawa. A haska, sunansa ya fito, a sa awon jini, a tabbatar da magani, a sa ranar dawowa. Shigar da bayanan wanda ya dawo ba ya kai rabin minti. Babu sabis ma tana aiki, in sabis ya dawo ta tura da kanta. Bangaladash da Habasha da Siri Lanka duk sun ɗauke ta.

Shafin da ya fi kowanne daraja a manhajar shi ne na waɗanda ranarsu ta wuce. Da la'asar, layi ya watse, ma'aikaciya ta buɗe shi ta ga sunaye, waɗanda jininsu ya fi hawa ko suka taɓa samun matsalar zuciya su ne abin fara kira. A wayar wata ma'aikaciyar lafiya a ƙasar Hausa, hirar ba za ta wuce haka ba: "Salamu alaikum Baba, daga asibiti ne. Mun ga ba ka zo awo ba, lafiya dai ko?" Shi kuma ya ce, "Lafiya lau 'yar nan, ai na samu sauƙi, kan ya daina ciwo, shi ya sa na ajiye maganin." Wannan amsa ita ce ainihin abin da ake nema. Baba bai ƙi asibiti ba. Ya ɗauki hawan jini kamar zazzaɓi ne, in jiki ya yi daɗi an warke. Minti biyu na bayani a waya, cewa jinin yakan hau shiru ba ciwon kai ba jiri, na iya zama abin da ya raba shi da kwanciyar shekaru. In ba a kira ba, babu mai jin wannan amsa sai a ɗakin taimakon gaggawa.

Kano da Ogun

Najeriya ba a bar ta a baya ba. A watan Nuwamban 2020 aka ƙaddamar da shirin shawo kan hawan jini a cibiyoyin lafiya matakin farko 104 a jihohin Kano da Ogun, haɗin gwiwar Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, da Hukumar Bunƙasa Lafiya Matakin Farko ta Ƙasa, da Hukumar Lafiya ta Duniya, da Resolve to Save Lives. An ba ma'aikatan lafiya na al'umma horo da izinin fara magani bisa matakai ƙayyadaddu, a fara da amlodipine, in bai isa ba a haɗa da losartan, in abin ya faskara a tura babban asibiti. Daga baya aka shiga shigar da bayanan kowane majinyaci ta waya a kan DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ta Norway ta samar, wadda dama Najeriya ke amfani da ita wajen tattara alƙaluman wata-wata. Bambancin shi ne a da jimilla ake turawa, "masu hawan jini kaza muka gani a wannan wata", yanzu kuwa kowane mutum da tarihinsa. A Babban Birnin Tarayya ma Jami'ar Abuja ta jagoranci makamancin wannan aiki a cibiyoyi 60 daga 2020.

To amma duk wanda ya san ɗakin katin asibitocinmu ya san akwai abubuwan da ba a Kalifoniya ko Amman za a koyo maganinsu ba. Na farko suna. A gari guda za ka samu A'isha Muhammad ashirin, Musa Ibrahim talatin, yawancinsu ba su da takardar haihuwa, shekarunsu kiyasi ne. Adireshi kuma "bayan masallacin Juma'a" ko "kusa da gidan mai unguwa". Idan ba a ba kowa lamba tasa ta kansa a kan kati mai ƙwari ba, na'ura za ta raba mutum ɗaya gida uku, ko ta haɗe mutum biyu ta ba ɗaya tarihin ɗaya, wanda hakan ya fi rashin rajistar haɗari. Sai lambar waya. Mata da yawa lambar maigida ko ta ɗa suke bayarwa, layi kuma yau an rufe gobe an canza. Ya kamata a karɓi lamba biyu, a kuma tambayi mace tun ranar farko ko ta yarda a faɗi ciwonta ga mai wayar. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta sirrinsu, kuma ko babu doka, ciwon mutum amana ce. Ma'aikacin da ya bar wayar asibiti a hannun yara, ko ya tura hoton fayil ɗin wani a zauren WhatsApp, ya ci wannan amana.

Akwai kuma lokutan da kowa ya san mutane za su yi fashi. Damina ta faɗi, manomi ba zai bar noman farko ya yini a layi ba. Azumi ya kama, wasu su ajiye ƙwaya gaba ɗaya saboda ba wanda ya gaya musu za a iya mayar da ita lokacin sahur ko buɗa-baki, mai suga kuma yana buƙatar a zauna da shi tun cikin Sha'aban a daidaita masa magani. Ga masu tafiya cirani, ga maniyyata. Rajista mai kyau za ta nuna wannan faɗuwar a kan allo shekara bayan shekara, kuma amsarta a fili take: wanda jininsa ya daidaita a ba shi maganin wata uku lokaci guda, kamar yadda aka daɗe ana yi wa masu karɓar maganin ƙanjamau. Hakan na rage layi, ya bar wa ma'aikaci sararin kula da wanda jininsa ya ƙi sauka.

Mai suga ma ya fi buƙatar tunatarwar rajista, domin abin dubawa a jikinsa ya fi yawa. Gwajin HbA1c da ke nuna matsakaicin sugan wata biyu zuwa uku, duba tafin ƙafa don kama gyambo tun yana ƙarami, duba ido, gwajin fitsari don lafiyar ƙoda aƙalla sau ɗaya a shekara. Babu ma'aikacin da zai riƙe wannan a ka ga mutum ɗari biyar. Na'ura kuwa tana iya nuna masa da jan rubutu cewa wannan baiwar Allah an yi wata goma sha huɗu ba a cire mata takalmi an duba ƙafarta ba.

Abin da na fi jin tsoro shi ne a kira mutum ya zo, ya biya kuɗin mota, ya tarar babu magani. Tun faɗuwar darajar naira a 2023 farashin magunguna ya yi tashin gwauron zabi, kuma dattijon da aka kira sau ɗaya ya koma da takardar "je ka saya a kemis" ba zai sake ɗaga wayar asibiti ba. Don haka rajistar majinyata da lissafin ɗakin magani su zama abu guda. In cibiya tana da mutum 600 a kan amlodipine, an san ƙwaya nawa take buƙata a wata, babu dalilin da zai sa ta yanke. Haka kuɗin katin waya da data da cajin sola: in ba a sa su a kasafi ba, daga aljihun ma'aikaciya za su fito, kuma ranar da ta gaji kira ya tsaya. Asusun Kula da Lafiya Matakin Farko da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanada, wanda ake ware wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, yana tura kuɗi kai tsaye ga cibiyoyi, kuma irin waɗannan ƙananan hidimomi na cikin abin da ya dace a yi da shi. Mun sha ganin shirin da masu ba da tallafi suka kawo ya yi armashi shekara uku, suna tafiya kwamfutocin su koma cikin kwali. Jihar da ke son wannan aiki ya ɗore sai ta mayar da shi nata tun masu tallafin suna nan.

Ga shugabannin ƙananan hukumomi da kwamitocin raya mazaɓu da masu unguwanni, ba sai kun san kwamfuta ba kafin ku sa ido. Duk wata uku ku nemi shugaban cibiyarku ya ba ku lambobi uku: mutum nawa ne a rajistar hawan jini da suga, nawa ne cikinsu awonsu ya daidaita, nawa ne suka yi wata uku ba su zo ba. Ku tambaya kuma wa aka ɗora wa kiran su, da wace waya. Kai kuma mai karatu, in kana shan maganin hawan jini ko suga, ko mahaifiyarka tana sha, ku adana katin, ku sanar da asibiti in lambar waya ta canza, kuma ku je ranar awo ko da jiki yana lafiya ƙalau.